Lanƙwasa, tanƙwara, karkace ko kwana-kwana: wacce za ka ɗauka?

Ɗan yayata ne ya kawo mini insha'in da aka ba su a makaranta, wai in duba masa kafin ya miƙa wa malami. Labarin tafiyar da suka yi daga Jos zuwa Akwanga ya rubuta. Da ya iso Hawan Kibo sai ya ce: "Hanyar duk a karkace take." Na ɗaga kai na dube shi, na ce, "Motar taku jirkicewa ta yi?" Ya ce, "A'a, Kawu." Na ce, "To kwaltar ce ta zame gefe guda?" Ya ce a'a, shi dai nufinsa hanyar ba ta miƙe ba, ta yi nan ta yi can. Yana faɗa yana wulla hannu dama da hagu kamar mai kwaikwayon tafiyar maciji. Na ce masa hannun nan naka ya fi alƙalaminka faɗin gaskiya.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Duk mai rubutu da Hausa, ko ɗan jarida ne ko mai fassara ko ɗalibi, yakan ci karo da wannan. Abu ne a gabanka wanda bai miƙe ba, ga kalmomi birjik, kowacce na cewa ni ce. Hausa ba ta tara wannan ma'ana a kalma guda ba. Kafin ta ba ka kalma sai ta tambaye ka: da gangan aka yi ko lalacewa ce? Sau ɗaya ne ko maimaitawa ake yi? Gefe da gefe abin yake tafiya ko sama da ƙasa? Amsar da ka bayar ita ke zaɓar maka.

Lanƙwasa ita ce uwar ɗaki, kuma in ka rasa ta cewa, ita ce ba za ta ba ka kunya ba. Je ka inda ake gini ka tsaya kusa da mai aikin rodi. Ya kafa guntayen ƙarafa a jikin katako, ya sa rodi a tsakaninsu, ya zura bututu ya ja. Ƙarfen da yake miƙe sambal yanzun nan ya bi hannunsa. Ya lanƙwasa shi ke nan. Rodin ya lanƙwashe, yana nan a lanƙwashe, shi lanƙwasasshe ne, in kuwa ya ƙi bin hannu sai a ce ba ya lanƙwasuwa. Lura da yadda "s" ke komawa "sh" in ta haɗu da "e". Haka ma "t" ta karkata ke komawa "c" a karkace. Masu rubuta "lanƙwase" ko "karkate" nan suke tuntuɓe.

Abin da ya sa na ce ba ta ba da kunya shi ne ba ta ɗauke da hukunci. Ba ta ce abin ya yi kyau ba, ba ta ce ya ɓaci ba. Ƙahon sa a lanƙwashe yake, haka Allah ya yi shi. Reshen mangwaro ya lanƙwaso saboda nauyin 'ya'ya. Ƙusa ta lanƙwashe a hannun kafinta, wannan asara ce, amma kalmar ba ta canza ba. Hatta baƙaƙen da muke rubutu da su, ɓ da ɗ da ƙ, masu lanƙwasa ake ce musu, wasu su ce masu ƙugiya, kuma a Nijar akwai ta huɗu, ƴ, inda mu a Najeriya muke rubuta 'y. Ba wanda zai kira su karkatattun baƙaƙe sai mai neman faɗa da malaman Hausa.

Tanƙwara 'yar uwarta ce ta jini, kuma a wurare da yawa in ka cire wannan ka sa waccan ba wanda zai ɗaga gira. Amma ni kunnena yana jin bambanci. A tanƙwara akwai gardama. Abin yana da taurin kansa, kai kuma kana da siffar da kake so ya ɗauka, sai an sa ƙarfi ko dabara ko haƙuri. Shi ya sa karin maganar ta zo da ita: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za ka ji wasu na cewa "lanƙwasa" a wurin, ba su yi saɓo ba, sai dai gishirin ya ragu, domin maganar tarbiyya ce, maganar yaro mai nasa ra'ayi. Mai yin baka tanƙwara icce yake yi. Mai kafa bukka tanƙwara tsumagu yake yi ya haɗa kawunansu a sama. Takarda kuwa, ko ganye, ko wayar wuta siririya, in ka ce ka tanƙwara su sai a yi mamakin wane kokawa kuka yi. A kan mutum ma haka: wanda aka lanƙwasa lallashinsa aka yi har ya sauko, wanda aka tanƙwara kuwa an fi ƙarfinsa ne. "Ba ya tanƙwaruwa" kirarin mai taurin kai ne, kuma ya danganta da bakin da ya fito ko yabo ne ko zargi. Akwai ta ukunsu, tanƙwasa, wadda ta fi zama a gaɓoɓi: malam ya tanƙwashe ƙafa a kan buzu, almajirai sun kewaye shi.

Yanzu ga wadda ta kayar da ɗan yayata. Karkace ba ta magana a kan siffar abu, tana magana ne a kan tsayuwarsa. Abu na iya zama miƙaƙƙe sarai amma a karkace. Turken wutar lantarki da iska ta tura, bai lanƙwashe ko kaɗan ba, ƙarfensa ko simintinsa na nan yadda aka yi shi, amma ya karkace. Hoton bango ya karkace. Kaya sun karkace a kan jaki, in ba a gyara ba sai ƙasa. Akwai inda ya kamata abin ya tsaya, ya bar wurin. To da yake barin wurin da ya dace ba abin yabo ba ne, kalmar ta ɗauko zargi ta goya. Kai wa tela ɗinki ka dawo ka ce masa, "Maigida, wuyan rigar nan ya lanƙwasa da kyau," zai yi murmushi. Ce masa, "Wuyan nan a karkace yake," ka ga yadda zai ajiye almakashi ya miƙe tsaye. Magini ma haka: gini ya karkace magana ce ta a rushe a sake.

Duba inda take zuwa in ta bar abubuwan da ake taɓawa. An karkatar da kuɗin jama'a. An karkatar da hankalin mutane. An karkata akalar zance. Wane ya karkace daga hanya, kuma duk wanda ya taɓa zama a wurin wa'azi ya san kishiyarta ita ce hanya madaidaiciya. Saboda haka yaron da ya rubuta "hanya a karkace", mai karatu zai ji ɗaya daga biyu: ko dai titin ya kwanta gefe guda har mota na neman kifewa, ko kuma ana maganar ɓata. Ba ko ɗaya da ya nufa.

Ba na so in cika baki, domin harshe ba ya bin layin da aka ja masa. Karkatacciyar kuka mai daɗin hawa, in ji masu iya magana, kuma kukar nan karkacewarta ce ta jawo mata masu hawa. Saurayi kan karkata hula da gangan, ado ne. Rana ta karkata, lokaci ne kawai ake faɗa. Ra'ayina ya karkata ga wane, ba laifi a ciki. Masu fassara hadisin nan na halittar mace daga ƙashin haƙarƙari sukan ce karkatacce, alhali in siffar ƙashin za a bi lanƙwasasshe ne; sun zaɓi karkatacce ne don maganar da ta biyo baya ita ce ta mai son ya miƙar da shi har ya karya. Duk da haka, in abin da kake siffantawa kyakkyawan layi ne mai tafiya a hankali, kamar gefen tulu ko wuyan shantu ko jinjirin wata, ka nisanci karkace. Za ta ɓata maka abin da ka zo yabo.

Duk waɗannan kalmomin abin da ya faru sau ɗaya suke nufi. Matsalar yaron kuwa maimaici ce: hanya ta yi dama, ta dawo hagu, ta sake komawa. A nan Hausa ninka kalma take yi, kuma zaɓi biyu ne a gabanka, lanƙwashe-lanƙwashe ko kwana-kwana.

Kogin Kwara, wanda a Nijar ake ce wa Isa, ya isa misali, don yana da duka biyun. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, amma mafarinsa a tsaunukan Gini bai fi kilomita 240 daga teku ba. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako, ya doshi Sahara har kusa da Timbuktu. Daga nan ya juyo, ya bi ta Gao, ya wuce Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lokoja kafin ya faɗa teku. Wannan babban juyi na ƙasar Mali lanƙwasa ce guda, kamar baka. In ka ce kogin ya yi kwana-kwana a can, ka ƙara masa abin da bai yi ba. Amma kudu da Yamai, wajen iyakar Nijar da Benin, akwai inda ya karya nan ya karya can a jere har siffarsa ta zama kamar harafin W. Daga nan gandun dajin wurin ya samo sunansa, gandun W, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Wannan shi ne kwana-kwana tsantsa.

Bambancinsu kaifi ne. Kwana kalmar aro ce daga Ingilishi, ta shigo da mota, kuma har yau warin fetur take yi. A rubuce ɗaya take da kwana na barci, a baki kuwa daban: ta barci ana jan wasalin farko, ta hanya ba a ja. Tana nufin inda ake karyawa, shi ya sa ta zama sunan mararraba da dama, irin su Kwanar Dangora a hanyar Kano zuwa Zariya. Direba na shan kwana, yana karya kwana, yana ce wa yaron mota a kula akwai muguwar kwana a gaba. Hanya mai kwana-kwana hanya ce da sitiyari ba ya hutawa, kamar hawan tsaunin Mambila in za ka Gembu. Mai karatu na ganin kalmar zai ji cikinsa ya ɗan juya. Lanƙwashe-lanƙwashe kuwa a natse take, ba ta da gwiwa, ta fi dacewa da rafi a fadama, da zanen lalle a bayan hannu, da aikin zare a gaban babbar riga, da turbar shanu a daji. In kana rubuta labarin haɗari ko gargaɗin direbobi, kwana-kwana. In kana siffanta ƙasa daga sama ko kana yabon aikin hannu, lanƙwashe-lanƙwashe.

Hattara da abu biyu game da kwana-kwana. Na farko, a kan mutum zagi ce: wane ya cika kwana-kwana, wato ba ya fitowa fili, ka bi shi bashi ya yi ta kai ka yana dawo da kai. Na biyu, 'yan kwana-kwana su ne masu kashe gobara, motarsu kuma motar kwana-kwana. Na taɓa ganin kanun labari da ya haɗa mota da kwana-kwana a jimla ɗaya, sai da na karanta sau biyu kafin na gane hanya ake nufi, ba gobara ba.

Murɗe ba ta cikin wannan gasa, amma mutane kan jawo ta. Murɗawa juyi ne a kan kai, kamar igiya, kamar wanki in ana matse shi, kamar ƙahon wani rago. Hanya ba ta murɗewa sai in ta naɗe dutse tana hawa. Kuma kalmar ba ta da fara'a: ciki ya murɗa, murɗaɗɗen mutum, murɗiyar zaɓe. In abin ya naɗu ya koma kan kansa, nannaɗe ko kanannaɗe kake nema, in kuwa maciji ne ya kwanta a haka, ya yi gammo.

Sai ɓangaren da ya fi ba masu fassara wahala, wato abin da ke tafiya sama da ƙasa. Nan lanƙwasa ba ta da aiki sosai, kwana-kwana kuma ba ta da shi sam. Ƙasar da ke hawa tana sauka a hankali, Bahaushe bai ƙirƙiro mata sifa ba, sunayen ɓangarorin biyu yake jerawa: tudu da kwari, hawa da gangara. "Ƙasar tudu da kwari ce" ta gama magana, kuma ta fi duk wata doguwar jimla da za ka ƙago. Wanda ya je Tulo-Tulowa a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, ko ya bi hanyar Gudumariya a gabashin Nijar, ya ga tuddan yashi suna bin juna har iya ganinsa, kowanne da kwarinsa a baya. In kana son mai karatu ya ga hoton, kawo masa abin da ya sani. Manomi ya san kunya: gona in an yi huɗa, kunya-kunya take, tudu na bin kwari a jere. Ɗan birni ya san kwanon rufi. Cewa "kamar kunyoyin gona" ko "kamar kwanon rufi" ta fi kai saƙo nesa ba kusa ba.

Ga ruwa kuma akwai igiyar ruwa, akwai raƙumin ruwa, akwai taguwar ruwa. Biyun ƙarshe daga tozo suka samo hoto, taguwa ai raƙuma ce, kuma sun fi dacewa da manyan da ke tasowa su kife jirgi. Igiyar ruwa ta fi yawo a bakin 'yan jarida, tana ɗaukar babba da ƙarami. Wani abin sha'awa: da rediyo ya zo, Turawa da sunan igiyar ruwa suka kira abin da ke ɗauko murya a iska, amma Hausa ba ta bi su ba. Ta ce gajeren zango da matsakaicin zango, ta ɗauko kalmar fatake, ta auna abin da tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Wanda ya fara faɗin haka ya san harshensa.

Kada ka haɗa tudu da kwari da gargada. Gargada ƙananan tuddai ne masu jijjiga, irin na hanyar da ba kwalta bayan damina, inda haƙoranka ke haɗuwa kuma ƙwan da ka saya ba ya isa gida. Tudu da kwari na iya zama abin sha'awa. Gargada ƙorafi ce kullum.

In abin motsi yake yi, ba a tsaye yake ba, kalmomin sun sake canzawa. Dawa in ta yi kai iska ta bi ta kanta, rausaya take yi. Reshe na rangaji. Tuta na kaɗawa. Mace mai yanga na rangwaɗa ko karairaya, kuma ka san wa kake faɗa wa, don ta biyun na iya zama habaici. Jikin mutum ma da nasa: tsoho ya ranƙwafa, mai gaisuwa ya rusuna, mai neman abu a ƙasa ya sunkuya, wanda ya turo ƙirji ya janye baya ya gantsare, wanda bayansa ya yi tudu yana da doro. In ka ce tsoho ya lanƙwashe za a gane, amma ka mai da shi rodi.

Akwai wata hanya da nake ganin marubutanmu na yanzu sun yi sakaci da ita, alhali ita ce ta fi tsufa: kiran siffa da sunan abin da ke da ita. Baka, lauje, ƙugiya, ƙaho, gammo. Kowanne da irin lanƙwasarsa. Baka a buɗe take, kai biyu daidai. Lauje ya fi shiga ciki, kansa ɗaya mai tsini, shi ya sa ba ya ɓoyuwa ko an naɗe shi, har aka ce da lauje cikin naɗi. Ƙugiya miƙaƙƙiya ce sai can ƙarshe ta juyo. Maginan gargajiya da wannan hanya suka yi aiki. Ginshiƙin da ke tasowa daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan uwansa a sama, wanda ake ƙarfafawa da azara, baka suke ce masa, ko bakan gizo, sunan da suka raba da abin da ke fitowa a sama bayan ruwa. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ɗaga kai kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, ya ga abin da kalmar ke nufi. Ba magini da zai kira wannan lanƙwasasshen ginshiƙi, ballantana karkatacce. Kalma ɗaya ce, baka, kuma ta faɗi siffa ta faɗi aiki.

Da muka koma kan insha'in, na tambayi yaron me ya gani da idonsa a Hawan Kibo. Ya ce gangara ce mai tsawo, direba na ta juya sitiyari, ga dutse a gefe ɗaya ga rami a ɗaya gefen, fasinjoji kowa ya yi tsit sai salati. Ya ce sun wuce wata babbar mota da ta zame ta jingina da dutse. Na ce to rubuta haka. Ya goge, ya rubuta: "Hanyar gangara ce mai kwana-kwana, ba ka gama shan wannan ba sai ga wata." Ya ɗan yi shiru yana tauna bayan biro, sannan ya ce, "Kawu, ita motar da muka wuce fa?"

Na ce, "Yaya take?"

Ya karkata tafin hannunsa gefe guda.

Na ce, "Ita ce a karkace. Mayar da kalmarka can."